Agogon da ke ƙirjin Auta

Matakalar jirgin ba wani tsawo ne da ita ba, amma sau uku Auta ta tsaya kafin mu kai ƙofa. Sai ta kama ƙarfen gefe, ta sunkuyar da kai, kafaɗunta na ɗagawa suna sauka, mutanen da ke bayanmu suna jira, ba wanda ya ce uffan. Na ce, "Auta, ko in ce su kawo keke?" Ta girgiza kai. Magana ma a lokacin tsada take yi mata: kalma uku, sai ta dakata ta jawo iska. Shekarunta 26, ɗanta ɗaya, kuma ranar ce ta fara shiga jirgin sama. Ni ce babbar yayarta, ni aka ɗora wa rakiya, da jakar takardu rataye a kafaɗa wadda ko banɗaki zan shiga ba na ajiye ta. A ciki akwai hotunan zuciya, sakamakon gwajin jini, wasiƙar likitanta, da takardar da ke cewa jikinta zai ɗauki tafiya.

Khartum muka nufa, babban birnin Sudan, zuwa Cibiyar Salam ta tiyatar zuciya. Tafiyar ta riga yaƙin da ya ɓarke a ƙasar cikin watan Afrilun 2023, saboda haka birnin da zan ba ku labarinsa na kafin wannan masifa ne.

Jirgi na ɗagawa na gane dalilin da ya sa likitanta ya ce ƙwayoyinta su zauna a hannuna, kada su shiga akwati. Iskar cikin jirgi, duk da an matse ta, daidai take da ta kan dutse mai tsawon mita 2,000 ko kusa da haka. Mai lafiya ba ya ma lura. Wanda huhunsa ke jiƙe da ruwa kuwa, jiki magayi. Ta zauna a miƙe ƙyam, ta ƙi jingina, tana numfashi ta baki. A Addis Ababa, inda muka sauya jirgi, abin ya ƙaru, don birnin kansa ya haura mita 2,300 daga doron teku. Nan ne ta sauke girman kai ta hau keken marasa lafiya. Wani ma'aikaci ya tura ta da sauri, ni ina biye da jakunkuna ina haki, ta waiwayo ta ce, "Yaya, ke ma idan mun je a duba taki." Dariyar da ta yi ta jawo mata tarin da sai da na yi ta shafa mata baya.

Ciwon bai shigo da sallama ba. Tun tana budurwa takan gaji da wuri, mu kuma mu ce son jiki ne irin na 'yan auta. Da ta samu ciki ne asiri ya tonu. Jinin jikin mai ciki yakan ƙaru da kusan rabi, bugun zuciya ya daɗa sauri, sai ƙofar zuciyar da tun can lallaɓawa take yi ta gaza. Cikin na wata shida ta daina iya kwanciya a shimfiɗe. Filo ɗaya ya koma biyu, biyu ya koma uku, daga ƙarshe a zaune take kwana, jingine da bango. Ƙafafu suka kumbura, aka ce ai haka masu ciki suke. A wani ƙaramin asibiti aka ce asma ce, aka ba ta abin shaƙa, ta yi ta shaƙa ba sauƙi sai wurin Allah. Ta haihu da ƙyar, kuma ba ta koma daidai ba. Ranar da ta yi tari ta ga jini a hankici, ranar muka dangana da likitan zuciya. Ya sa ta kwanta a ɓarin hagu, ya ɗora abin sauraro a ƙasan ƙirjinta, ya yi shiru ya daɗe, sannan ya ce akwai wani gurnani tsakanin bugu da bugu da bai kamata a ji ba. Da dangi suka ji an ambaci ciwon zuciya kowa ya kawo tasa fassarar: tunani ne, ɓacin rai ne, me mijin ya yi mata? Bawan Allah ya sha harara a kan laifin da ba nasa ba.

Zafin Khartum ya tarbe mu tun daga ƙofar jirgi, busasshe, kamar an buɗe murhu. Mota ta bi da mu kudu, kimanin kilomita 20, zuwa Soba, a gaɓar Shuɗin Nilu. Na zo da hoton asibiti a kaina, irin wanda kowa ya sani, da wari da hayaniya da mutane zube a baranda. Sai na tarar da fararen gine-gine marasa tsawo a cikin lambu, sun kewaye wani fili da manyan itatuwan mangwaro biyu ke tsaye a tsakiyarsa. An bar itatuwan inda suke, aka yi ginin a gefensu. Ƙungiyar Emergency ta ƙasar Italiya, wadda likitan tiyata Gino Strada ya kafa da abokan aikinsa a 1994, ita ta buɗe cibiyar a 2007, kuma kyauta ake aikin. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne yadda suka yi da ƙura. Ƙasar tana da guguwar rairayi da ke rufe sama, ɗakin tiyatar zuciya kuwa ba ya shiri da ƙura ko ƙanƙani. Sai suka sa iskar da za ta shiga ginin ta fara bi ta wani lungu mai kwana-kwana a ƙarƙashin ƙasa, rairayin ya zube a hanya. Ginin ya ci lambar yabo ta Aga Khan ta zanen gine-gine a 2013. Auta ba ta kalli ko ɗaya daga cikin waɗannan ba. Benci take nema.

Kashegari aka sake yi mata hoton zuciya, wanda ake kira eko. Ɗaki ne mai duhu-duhu. Likitar, mace ce mai sanyin murya, ta shafa mata wani ruwa mai yauƙi a ƙirji, ta ɗora kan na'urar tsakanin haƙarƙari, sai ga zuciyar ƙanwata a allo, baƙi da fari, tana motsi. Ban taɓa zaton zan ga cikin mutumin da na goya ba. Likitar ta lura ina leƙe, ta juyo mini da allon, tafinta na fassarawa.

Ɗakuna huɗu ne a zuciya, biyu a sama biyu a ƙasa, da ƙofofi huɗu masu ƙyaure. Likitoci bawul suke ce musu, kuma aikinsu ɗaya da bawul ɗin taya: abu ya wuce gaba, kada ya dawo. Sukan buɗe su rufe kusan sau 100,000 a yini guda, ba hutu. Ƙarar nan biyu da ake ji in an kara kunne a ƙirjin mutum, ƙarar rufewarsu ce. Lalacewarsu kuma iri biyu ce. Ko ƙofa ta tsuke ta ƙi buɗuwa sosai, ko ta ƙi rufuwa da kyau jini ya riƙa yoyo yana komawa baya. Ta Auta ta haɗa duka biyun. Wadda ta lalace ita ce ta tsakanin ɗakin sama da na ƙasa a ɓangaren hagu, mai ƙyaure biyu, sunanta maitiral. Likitar ta tsayar da hoton ta zagaye wata 'yar kafa da yatsa. Faɗin wannan ƙofa a mai lafiya santimita murabba'i 4 zuwa 6 ne. Idan ya sauka zuwa 1.5 an shiga mataki mai tsanani. Na Auta bai cika 1 ba. Ƙyauren biyu sun yi kauri, gefunansu sun manne da juna, sun bar tsaga a tsakiya kamar bakin kifi, kuma haka su ma likitocin ke kiransa. Duk jinin da ya fito daga huhu ta wannan tsaga zai bi. Da ya rasa hanya sai ya taru a baya, ya kumbura ɗakin sama, ya koma ya cika jijiyoyin huhu, ruwa ya tsattsafo. Ga asmar da aka yi ta ba ta magani. Ga kuma dalilin kwana a zaune, don in ta kwanta jinin ƙafafu ya gangaro ƙirji ya ƙara wa Borno dawaki.

Ɗakin saman, saboda miƙewar da ya yi, ya daina bugu a tsare, sai kaɗawa yake kamar tsumma a iska. Shi ne faɗuwar gaban da take yawan ƙorafi a kai. Jinin da ba ya gudu kuwa daskarewa yake, kuma an ga gudan jini maƙale a wani lungu na ɗakin. Da ya ɓalle ya bi jijiya zuwa ƙwaƙwalwa, da shanyewar ɓarin jiki muke magana.

Sai likitar ta goge hannu, ta yi tambayar da har yau take yi mini yawo a ka. "Tana yarinya, ta taɓa yin ciwon maƙogwaro da zazzaɓi, bayan 'yan makonni gaɓoɓinta suka kumbura?"

Auta ta ce ba ta tuna ba. Ni na tuna. Tana 'yar shekara tara. Gwiwar dama ce ta fara, ta kumbura ta yi zafi, ko zane ba ta son ya taɓa wurin. Kwana biyu ta saɓe, idon sawu ya ɗauka, daga nan wuyan hannu. Ciwo mai yawo. Ni nake goya ta zuwa banɗaki. Aka ba ta maganin ciwon jiki, ta warke sarai, ta koma tsalle-tsallenta, muka manta. Ciwon maƙogwaron da ya riga shi kuwa, wa ma ya ƙirga shi a ciwo?

Wata ƙwayar cuta ce, sitreftokokas rukunin A, ke kama maƙogwaron yara, galibi 'yan shekara 5 zuwa 15. Sojojin jiki su tashi su yaƙe ta. Matsalar ita ce rigar ƙwayar ta yi kama da wasu sassan jikin mutum, sai sojojin su rikice, bayan mako biyu zuwa uku su afka wa gaɓoɓi da bawul ɗin zuciya, wani lokaci har da fata da ƙwaƙwalwa. Wannan shi ne zazzaɓin rumatik. Akwai tsohuwar magana ta likitoci cewa lasar gaɓoɓi yake yi, amma zuciya cizonta yake. Gaɓoɓi su warke ba tabo. Bawul kuwa duk dawowar ciwon sai ya ƙara tabo a kan tabo, a ɓoye, shekara goma ko ashirin, kafin haki ya bayyana. Maganin ciwon maƙogwaron fenisilin ne, ƙwaya ta kwana goma ko allura guda. Yaron da ya riga ya yi zazzaɓin kuma, allurar fenisilin duk mako uku ko huɗu, shekara da shekaru, ita ke tare ƙofa kada ya dawo.

Na fita na zauna ƙarƙashin mangwaron nan na yi kuka mai isata. Jirgi biyu muka hau, muka ratsa ƙasashe, za a tsaga ƙirjin yarinya, a kan abin da allura ɗaya za ta iya tarewa shekara 17 da suka wuce. Da dare Umma ta kira tana tambayar me likita ta ce. Na ce mata bawul ne ya tsuke, za a gyara. Ban faɗa mata zancen gwiwa ba, kuma har yau ban faɗa ba.

A masaukin baƙi na cibiyar na ga ashe ba mu kaɗai ba ne. Mutane daga ƙasashe daban-daban, harsuna kala-kala, ciwo ɗaya. Fiye da mutum miliyan 40 ke ɗauke da ciwon zuciya na rumatik a duniya, yana kashe sama da 300,000 duk shekara, mafi yawansu a ƙasashe matalauta, inda yara ke kwana a cunkushe kuma asibiti ke da nisa. A ƙasashe masu arziki ya kusa zama tarihi. Sai a 2018 Babban Taron Lafiya na Duniya ya zartar da ƙuduri na musamman a kansa. A masaukin, waɗannan alƙaluma fuskoki ne da su. Akwai wani yaro, in ya yi yawa shekararsa 12, siriri kamar sillen kara, da ake ganin bugun zuciyarsa ta cikin riga. Uwarsa ba ta jin yarena, ba na jin nata. Ta nuna ƙirjin ɗanta ta ɗaga yatsu biyu, wato bawul biyu. Na nuna Auta na ɗaga ɗaya. Ta dafa kafaɗata. Ciwon 'ya mace na 'ya mace ne.

Akwai kuma wani dattijo da ɗansa ya kawo, wanda nasa labarin daban ne. Shi ba rumatik ba ne, shekaru ne. Ƙofar da jini ke fita daga zuciya zuwa babbar jijiyar jiki ce ta yi tauri, wani abu kamar alli ya taru a kanta. Ɗan ya ce sau biyu uban yana faɗuwa sumamme a kan matakala, kuma in ya yi sauri ƙirjinsa ya riƙe. Suma, ciwon ƙirji, haki: in waɗannan suka bayyana a mai wannan tsukewa, ba a jira. Wasu ma da ƙyaure biyu ake haifarsu a wannan ƙofa maimakon uku, mutum ɗaya ko biyu a cikin ɗari, kuma tasu takan gaji da wuri. Ga irin su dattijon, yanzu akan zura sabon bawul ta jijiyar matsematsi ba tare da buɗe ƙirji ba, dabarar da Alain Cribier ya fara a birnin Rouen na Faransa a 2002. Da na ji haka na yi wuf na tambayi likitar Auta ko ita ma za a yi mata ta jijiya. Ta ce akwai makamancin haka ga maitiral da ya tsuke, balan-balan ake zurawa a hura ta raba ƙyauren, dabarar wani likitan Japan, Kanji Inoue, tun shekarun 1980. Amma sai ƙyauren na da sauran laushi, ba ya yoyo sosai, kuma babu gudan jini. Auta ta faɗi a duka ukun.

Saura zaɓi, kuma nan ne na ga ƙanwata ta girma.

Likitan tiyata ya ce in ya buɗe ya ga bawul ɗin zai gyaru, gyara ya fi, don naka naka ne. Amma bisa abin da hoto ya nuna, da wuya. Ya ajiye abu biyu a kan tebur. Ɗaya zobe ne da 'yan ƙyamare biyu baƙaƙe masu sheƙi. Kowa na ce masa na ƙarfe, alhali ƙyamaren da wani irin gawayi mai tsananin tauri aka yi su. Ɗayan kuma mai laushi ne, an ɗinka shi daga naman dabba, bawul ɗin alade ko fatar da ke lulluɓe zuciyar saniya, an sarrafa shi yadda jiki ba zai ƙi shi ba. Na farkon ba ya tsufa, zai iya kai mutum ƙarshen rayuwarsa. Sai dai jini na son daskarewa a kansa, saboda haka maganin tsinka jini, wafarin, ya zama abokin zama har abada, da gwajin jini a kai a kai. Na biyun bai cika buƙatar wannan ba, amma yana lalacewa, shekara 10 zuwa 15 a yawancin mutane, a matashi kuwa ƙasa da haka, sai a sake buɗe ƙirji. Shi ya sa akan karkata ga na ƙarfe ga wanda bai kai 50 ba, na nama ga wanda ya haura 65. Ga mace mai shekara 26 lissafin bai tsaya nan ba. Wafarin na iya cutar da ɗan tayi, musamman tsakanin mako na 6 da na 12, sauya shi da allura kuma yana da nasa haɗarin ga uwar. Gaba kura, baya siyaki.

Ni na so ta ɗauki na nama. Na ce, "Auta, ɗanki ɗaya fa." Ta yi shiru kwana guda cur. Ta kira mijinta suka daɗe suna magana, ni ina waje ina safa da marwa. Da ta fito ta ce, "Yaya, ni dama bugun zuciyata ya rikice, likita ya ce ko na nama aka sa mini da wuya in tsira daga maganin nan. To in sha magani kuma in dawo a sake yanka ni? Wanda na haifa nake so in gani ya girma." Ban da abin cewa. Har yanzu ina ganin da wata ce a matsayinta ta zaɓi ɗayan, ba za a ce ta yi kuskure ba. Likitan ma bai tura ta ko'ina ba. Abin da ya nanata kawai shi ne, in har za ta sake ɗaukar ciki, shiri ake yi da likitan zuciya tun kafin a samu, ba bayan an ga wata ya wuce ba.

Kafin a sa ranar aiki sai da aka duba haƙoranta, aka cire wani turmi da ya ruɓe. Na yi mamaki, me ya haɗa haƙori da zuciya? Ashe ƙwayoyin cutar baki kan shiga jini, kuma ba inda suke son sauka kamar bawul mai tabo ko na roba da ƙarfe. In suka kafa sansani a nan, ciwo ne mai kisa.

Ranar tiyata da sassafe aka tura ta. Ta miƙo mini zobenta ta ce, "Riƙe mini, kada ki sa, yatsanki ya fi nawa ƙiba." Ƙofa ta rufe. Akwai wani ɗan farin gini a lambun da aka keɓe don addu'a, kowa da addininsa. Na zauna a ciki har na rasa abin da zan ƙara roƙo, sai na koma karance-karance a waya, abin da ban ba kowa shawarar ya yi ba. A nan na san cewa tsayar da zuciyar ake yi ɗungurungum. Ana raba ƙashin ƙirji a tsaye, a juya jini zuwa wata na'ura da ke yin aikin zuciya da huhu, a zuba wa zuciyar ruwa mai sanyi mai sinadarin fotasiyam, ta yi lakwas. John Gibbon ne ya fara cin nasarar aiki da irin wannan na'ura a Filadelfiya ta Amurka a 1953. A 1960 Albert Starr da injiniya Lowell Edwards suka sa wa mutum bawul ɗin maitiral na ƙira ya rayu da shi, ƙwallo ce a cikin keji. Na lissafa, Umma ta girmi wannan aiki. Na kashe wayar. A daidai wannan lokaci zuciyar da na gani a allo tana kwance shiru a hannun wani baƙo, ni kuma ina jujjuya zobe.

Bayan azahar wata nas ta leƙo ta ɗaga mini babban yatsa. Ƙafafuna suka ƙi ɗaukata.

Kwanakin da suka biyo baya ba su da daɗin ba da labari, kuma sun yi kama da juna. Robobi a ƙirji, robobi a wuya, ƙishirwa, da tari, wanda dole ne a yi shi don huhu ya buɗe, ga shi kuma kamar a sake tsaga ƙashin. Sai ta rungume filo ta matse a ƙirji sannan ta yi. Abin da ban zata ba shi ne saurin da aka tashe ta. Kwana biyu da aiki wata nas ta kama hannunta ta ce a taka. Na so in hana, nas ɗin ta yi mini wani kallo, na ja bakina na tsuke. Taku goma ranar farko. Ƙashin ƙirji da wayar ƙarfe aka ɗaure shi, kuma mako shida zuwa takwas yake ɗauka kafin ya haɗe, don haka ba ɗaukar kaya, ba ɗaukar yaro. Wannan na biyun ne ya sa ta hawaye.

Daren da aka sallame ta zuwa masauki na farka cikin tsakar dare ina neman agogon da ke damuna. Ƙyas, ƙyas, ƙyas. Na duba ƙarƙashin filo, na duba jaka. Sai na waiwaya. Auta ce, kwance a shimfiɗe, filo ɗaya tal, bakinta a rufe, tana barci. Daga ƙirjinta ƙarar ke fitowa. Na zauna a bakin gado ina saurare har aka yi kiran asuba. Shekara biyu rabon da in ga bayanta ya taɓa katifa.

Kafin a ba mu izinin tafiya sai da muka yi makaranta, ni da ita, a sashen masu shan maganin tsinka jini. Aka ba ta ɗan littafi. Gwajin sunansa INR, yana auna yadda jini ke jinkirin daskarewa. Na mai lafiya wajen 1 ne. Nata ana so ya zauna tsakanin 2.5 da 3.5. In ya yi ƙasa, gudan jini zai iya maƙale ƙyauren ko ya tafi ƙwaƙwalwa. In ya yi sama, dasashi ya yi jini, haɓo ya ƙi tsayawa, fitsari ya yi ja, bayan gida ya yi baƙi. Siririyar gada ce, kuma kusan komai na iya ture mutum daga kanta. Ganyaye irin su alayyafo da kabeji suna da bitamin K mai rage ƙarfin maganin. Na ce to shi ke nan ta daina ci. Malamar ta ce a'a, ta ci, amma kada yau ta cika kwano gobe ta ƙaurace, daidaito ake so. Magungunan ciwon jiki irin su ibuprofen da diclofenac ba nata ba ne kuma. Wasu magungunan kashe ƙwayoyin cuta suna harba INR sama, maganin tarin fuka na rifampicin yana jawo shi ƙasa, jiƙe-jiƙen itatuwa kuwa ba wanda ya san inda za su kai shi. Duk wanda zai ba ta magani ko ya cire mata haƙori, ta fara nuna masa littafin. Sababbin magungunan tsinka jini da ba sa buƙatar gwaji, waɗanda wata 'yar uwa ta turo mana sunayensu da zumuɗi, ba a ba mai bawul ɗin ƙarfe. Allurar fenisilin ma tana nan daram, don sauran ƙofofi uku nata ne na haihuwa, kuma ciwon da ya ci ɗaya bai ƙoshi ba. In ta ji zazzaɓin da ya ƙi sauka, ko haki ya dawo, ko ƙarar ƙyas ɗin ta dushe, asibiti a ranar.

Da malamar ta ambata cewa wafarin da farko a matsayin gubar ɓera aka sayar da shi, kafin a amince da shi ga mutane a 1954, Auta ta kama filonta ta matse a ƙirji don ta samu ta yi dariya. "Yaya, kin ji, duk wahalar nan a kan maganin ɓera za a sallame ni."

Ana gobe za mu tashi muka roƙi direba ya biya da mu Mugran, inda Farin Nilu da Shuɗin Nilu ke haɗuwa. Ruwan biyu sukan yi tafiya kafaɗa da kafaɗa, kowanne da launinsa, kafin su gauraya su nufi Masar. Ni kogin nake kallo. Can na lura ba ta gefena. Ta yi gaba abinta a bakin ruwa, tana magana da mijinta a waya, jimla doguwa bayan jimla doguwa, tana yi masa faɗa a kan an bar yaro ya yi aski ba a gaya mata ba.

A filin jirgi ta tsaya gaban na'urar bincike tana zare ido, takardar asibiti a hannu, tana jiran ƙara. Na'urar ba ta ce komai ba. Matakalar jirgin ta hau ta a hankali, hannu ɗaya a ƙirji, ba ta tsaya ba sai a ƙofa. A Addis Ababa mai keke ya nufo mu, ta ce masa ta gode. Muka samu kujera kusa da taga. Ta buɗe jaka ta fito da ɗan littafin da kwalin ƙwayoyi, ta dubi agogon bango, ta dubi na wayarta, suka saɓa da awa guda.

"Yaya, ƙarfe shidan wace ƙasa zan bi?"

Na ce ta bi na Khartum tukuna, in mun sauka ma tambayi likitanta. Ta ɓallo ƙwaya ɗaya da rabi ta riƙe a tafin hannu, na tashi neman ruwa.